Mun Yi wa Alhaji Ta'aziyya Yana Raye

Wanda nake kira Yaya ba ciki ɗaya muka fito ba. Gidan haya ɗaya muka tashi a unguwar Nima ta Accra, ƙofar ɗakinsu tana kallon tamu, kuma uwarsa, wadda duk gidan ke kira Mma, ta goya ni fiye da yadda tawa uwar ta goya ni. Ina firamare shi ya riga ya zama abin da ake tsorata yara da shi. Daga bakin babbar gota, wato kwatar unguwarmu, har cikin unguwar Maamobi, in aka ce ga shi nan da 'yan bes ɗinsu, masu shago sai su fara jawo ƙofa. Bes dandali ne da samari ke zama suna dafa shayin ataya, kowanne da iyakarsa, kuma ƙetare iyakar nan na iya jawo wa mutum ɗinki a ka. Da idona na ga Yaya ya kama wani ƙato yana buga kansa da bakin gota, yana bugawa yana ƙarawa, har mutumin ya daina kare fuskarsa. Bai mutu ba, amma har yau bakinsa a karkace yake.

Ranar ce Mma ta tsayar da shi a tsakar gida, gaban 'yan haya duka. Ba ta yi kuka ba. Ɗankwalinta ta cire ta ajiye a kan ƙafarsa, ta ce in ya sake ɗaga hannu a kan ɗan wani, ya nemi wata uwar, kuma kada ya zo kan gawarta. Ya durƙusa ya ɗauki ɗankwalin ya rantse. Kuma ya riƙe, shekara da shekaru. Ya bar bes, ya koyi gyaran waya. A zage shi ya wuce, a bangaje shi a tashar torotoro, motocin hayarmu, shi ne zai ce a yi haƙuri. Da na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja, na nace har aka ɗauke shi mai gwaji, wato wanda zai yi ta danna abin da muka gina har ya gano inda zai lalace. Nakan tsokane shi in ce ga shi an samo masa ɓarna ta halal. Ranar da zai fara aiki, Mma ta riƙo hannuna a bakin famfo ta ce, "Na ba ki amanarsa." Tun daga ranar ba ni da fargabar da ta wuce hannun nan ya sake tashi.

Ofishinmu a nan Nima yake, a saman wani shagon tsofaffin firji, ana hawa ta matakalar ƙarfe. Manhajar waya muke yi wa 'yan kasuwa, ta lissafin kaya da karɓar oda. Zango-zango muke aiki: duk mako biyu mu zauna mu tsara abin da za a gama, kowa ya ɗauki nasa, kowace safiya kuma mu tsaya a tsaye kowa ya faɗi inda ya kwana. Ni ke jan zaman tsarin, kuma a nan ciwon kaina yake. Duk abin da ka tambaya amsa ɗaya ce: "Juma'a, insha Allah." Mai kamfanin, wanda muke kira Bos, shi ke fara buɗe baki, ɗan Zongo kuwa, wato ɗan unguwar Hausawa irin tamu, ba ya ƙaryata babba a gaban mutane ko da ya san shirme babban yake zubawa. Bos ya ce Juma'a, kowa ya gyaɗa kai. Juma'a ta zo aiki ko rabi bai kai ba, masu kaya su bugo waya, kuma ni ake wanke wa allo, ba shi ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Akwai ranar da na jefi Bos da soson goge allo, ya kauce, ya sami firinta.

Daga baya na karanta cewa mutum ba ya canzawa da wa'azi, sai dai ka ɗan gyara masa hanya yadda ƙafarsa za ta bi da kanta. Sai na bar faɗa na koma dabara. Na ɗora wa Bos zuba ataya a lokacin zama, na ce girmamawa ce, alhali so nake hannunsa da bakinsa su shagala har kowa ya gama magana. In za a kimanta kwanakin da aiki zai ci, kowa ya ɓoye hannu a baya, in na ba da alama, a fito da yatsu lokaci guda, don kada ƙarami ya kwaikwayi babba. In wani ya ce insha Allah, in tambaye shi, "Ta aiki ce ko ta sallamar baƙo?" A yi dariya, sannan ya faɗi gaskiya. Amma babbar dabarar ita ce harshe. Na lura da Turanci kowa jarumi ne, komai mai sauƙi ne. Da Hausa kuwa, harshen da uwarsa ke yi masa faɗa da shi, sai mutum ya ji kunyar ƙarya. Na ce daga yau da Hausa za a riƙa zaman tsari, har rubutun allo. Mu a Accra Hausarmu ta baki ce, ba kasafai ake rubuta ta ba, shi ya sa baƙo in ya ga allonmu sai ya tsaya yana haɗa baƙi kamar ya tsinci laya.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ba wanda ya ƙirƙira, haka kawai ta samu. Kowane aiki da laƙabin mai shi muke kiransa. Manhajar wata mai albasa a kasuwar Agbogbloshie ita ce Hajiya. In ta tsaya sai ka ji wani ya ce, da Hausarmu ta Zongo da ba ruwanta da mace ko namiji, "Hajiya ya faɗi, a tashe shi." Wata 'yar Yamai da ke rubuta mana manhaja takan toshe kunne ta ce kisan gilla muke yi wa Hausa. Manhajar wani dillalin kayan gyaran mota a Abossey Okai kuwa ita ce Alhaji. Shi kansa Alhajin ya sani. Yakan bugo mini waya ya ce, "'Yata, yaya jikin nawa yau?"

Bos ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin za a buɗe manhajar ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, gaban abokan kasuwancinsa. Ni na san ba za a gama ba, amma so nake bakin ma'aikatan ya faɗa, ba nawa ba. Sai na kawo sabuwar dabara, na sa mata suna ta'aziyya. In ka tambayi mutane ko akwai matsala, kowa zai ce babu, don ba mai son a ce shi ne mai mugun baki. Amma in ka ce an riga an mutu, kowa malami ne a kan dalili. Na rubuta a saman allo da manyan baƙi: ALHAJI YA MUTU RANAR JUMA'A BAYAN MASALLACI. WA YA KASHE SHI? Na raba 'yan takardu masu manne, na ce kowa ya rubuta nasa, ba suna.

Wani ya rubuta, "Birki ne, ba wanda zai duba birki kafin Juma'a," don sashen kayan birki ba a gwada shi ba. Wani ya rubuta, "Ƙaninsa ne, makullin yana hannunsa," don ƙanin Alhaji ke riƙe da lambar shiga rumbun bayanan kaya, kuma ya ƙi ba mu. Wata takardar ta ce, "Mu ne, Bos ya ce a gama da shi da sauri." Yaya kuwa, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, ya sa, "Na san inda zan taɓa shi ya faɗi."

Ban taɓa ganin zaman da ya yi albarka kamar wannan ba. Bos ya ajiye butar ataya ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce to, ba a fafe gora ranar tafiya, gobe zai je da kansa ya roƙi Alhaji a ɗaga ranar. Daɗi ya kama ni har na aika aka sayo wa kowa waake, wato shinkafa da wake, da ƙwai.

Da azahar maza suka sauka masallaci, ni da 'yar Yamai muka shige ɗakin ciki muka ta da salla. A lokacin ne direban Alhaji ya hau da hotunan sababbin kaya da aka aiko shi ya kawo. Bai tarar da kowa ba, sai allo. Duk Abossey Okai an san Alhaji da ƙaninsa suna rigima a kan shagunan da ubansu ya bari, har an kai ga zare wuƙa sau ɗaya. Direban kuma ɗan Maamobi ne, ya san Yaya tun zamanin da, ya kuma san a wurinmu yake aiki, mai karkataccen bakin nan ma ɗan layinsu ne. Ya ɗauki hoton allon, ya tura wa makanikan da ke cin abinci a ƙarƙashin Alhaji, ya ce ƙanin maigida ya yi hayar tsohon ɗan sara, za a kwance birkin mota ranar Juma'a. Har yau in wani ya ce mini ai da kin goge allon, sai in ji kamar in shaƙe shi. Allon aiki ne, a cikin ofishinmu. Mai hankali in ya ga abin da bai gane ba tambaya yake yi.

Ana shirin la'asar muka ji matakalar ƙarfen nan tana rawa. Bos ya tashi da murmushinsa na tarbar baƙi, ya buɗe ƙofa, ya fara sannu da zuwa da Turanci. Sifanar taya ce ta amsa masa. Girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido, ya zauna daɓas a ƙasa yana laluben tabarau. Suka shigo suka cika ɗakin, da kayan aikinsu baƙi ƙirin da man inji, wani da sarƙar babur, wani da fambel, wani da guntun bututu. Na farko da ya isa tebur ya share kwamfutoci uku da hannu ɗaya. Wani ya ɗaga firinta ya wurga ta taga, na ji ta fashe a kan firjin mutane a ƙasa. 'Yar Yamai ta shige ƙarƙashin tebur tana salati, wani ya taka mata yatsu da takalmin aiki, bai ma san ya taka ba.

Na hau kujera ina ihu, "Alhaji manhaja ce! Manhaja ce, ba mutum ba!" To je ka yi wa mai riƙe da sarƙa bayanin zaman tsari. Ba wanda ya ko kalle ni. Yaya suka zo nema, kuma direban ya nuna shi da yatsa.

Yaya ya miƙe ya fito tsakiyar ɗakin. Ya fi kowannensu tsawo. Ya mai da hannayensa baya, ya kama wuyan hannun dama da na hagu, ya ce, "Jama'a, ku kira Alhaji. Ku kira shi kawai ku tambaye shi."

Fambel ya sauka a wuyansa, fata ta tashi. Ya sake cewa a kira Alhaji. Mai sarƙa ya zuba masa a haƙarƙari, na ji numfashinsa ya fita, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya sake tashi. Direban ya matso ya kwaɗa masa mari, ya tofa masa yawu a fuska, ya ce, "Ina ƙarfin naka? An ce ka tuba, ashe sana'a ka canza." Wani ya buga masa bututu a baki. Ya tofar da haƙori tare da jini a kan tayil. Ni ina bayansa, don haka abin da nake kallo hannayen nan ne. Na hagu ya riƙe na dama kamar an kama ɓarawo, farcensa ya shige nama, jijiyoyi sun tashi. A aljihun direban kuma waya sai ƙara take yi, ta katse ta sake, bai kula ta ba.

Zuciyata ta kasa ɗauka. Na diro daga kujera na cakumi rigar direban, na ce masa jaki, jahilin banza, wanda ko karatun allo bai iya ba ya zo yana karanta allon mutane. Na faɗi abin da ya fi haka, kuma ko yau aka sake zan faɗa. Ya juyo ya damƙi mayafina ya naɗe a hannu, ya ja ni har bakin ƙofa, mayafin ya shaƙe ni, ya buga fuskata da ƙarfen matakala. Na ji hancina ya yi ƙas. Ya ɗago kaina zai sake bugawa, sai na ji ya sake ni.

Ban ga lokacin da hannun ya kuɓuce ba. Da na share jini daga idona, mai sarƙa yana ƙasa yana riƙe da maƙogwaro. Yaya ya kama hannun mai bututu ya ɗora a gefen tebur ya danna, ƙashin ya karye da ƙara irin ta busasshen rake, mutumin ya yi wani kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Sauran suka yi ƙofa suna tattake juna a matakala. Direban ne bai samu fita ba. Yaya ya kayar da shi, ya hau ƙirjinsa, ya sa gwiwoyi a kan hannayensa, ya fara. Ba ihu, ba zagi, ba gaggawa. Dama, hagu, dama. Na rarrafa na kama rigarsa ina cewa, "Yaya, ya isa. Yaya, Mma. Ka tuna Mma." Ko waiwaye bai yi ba. Fuskar direban ta daina zama fuska, ƙafafunsa suka daina harbi, Yaya bai tsaya ba.

Muryar Alhaji ce ta tsayar da shi. Tsohon ya hau matakalar yana haki, hula a hannu, babbar riga ta jiƙe da gumi. Yana can wajen sauke kaya hoton ya iso wayarsa, ya gane nan take, har ya yi dariya, sai aka ce masa ai yara sun riga sun tafi Nima. Shi ne mai kiran wayar nan da ke ƙara a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ɗakin, ya ce, "Innalillahi. Ɗana, don Allah tashi. Ga ni, da raina." Yaya ya tashi a hankali, ya dubi hannayensa, ya goge su a wando, ya zauna a kujerarsa ta aiki har 'yan sanda suka zo.

Direban bai mutu ba. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ido ɗaya kuma ya tafi. Manyan unguwa da liman da Alhaji suka shiga maganar, aka yi ta zama, aka ce su suka hau bene da makami, aka kashe wutar, aka sako Yaya. Manhajar ta fito bayan wata guda da wani abu, kuma sashen birkin ne ya fara ba da matsala. Har yau muna yin ta'aziyya kafin kowane babban aiki, don tana aiki, sai dai yanzu sunan kayan miya muke sa wa ayyuka. Ba wanda zai hau bene da sifana don an ce kuɓewa ta mutu.

Tun kafin a sako shi na je wurin Mma da kumburarriyar fuskata, da filasta a hanci, don ta gani da idonta. Na ba ta labari tun daga farko, na gaya mata irin dukan da ya sha hannunsa a baya. Ta dubi filastar da ke hancina. Sannan ta ce, "Ƙanwarsa ya kare. Wanda ya ga ana kashe ƙanwarsa ya tsaya, shi ne ba ɗana ba. Ki ce masa ya zo gida ya ci tuwo." Na fito ina kuka don murna. Na ɗauka an gama.

Bai zo gida ba, bai kuma dawo aiki ba. Bos ya sayi sabuwar kwamfuta ya ajiye masa a tebur, ta yi ta tara ƙura. Wata ranar Asabar da hantsi aka ce mini an gan shi a tsohon bes ɗinsu na bakin gota, na ɗauki mayafi na tafi a fusace. Na same shi a kan bencin da ke jikin bango, wurin da babba ke zama, yaran da ba a haifa ba lokacin da ya bar wurin suna kewaye da shi, wani yana fifita gawayi, wani yana miƙa masa kofin farko. Da suka gan ni suka ja gefe.

Na ce, "Yaya, wane irin iskanci ne wannan? Mma ta yafe. Da bakinta ta ce ba ka karya rantsuwa ba. Liman ya ce kana da gaskiya, Alhaji ya ce kana da gaskiya, har 'yan sanda. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Zauna, ƙanwata."

"Ba zan zauna ba."

Ya juya kofin a hannunsa. Bakinsa bai gama warkewa ba, maganar tana fita ta gurbin haƙorin. Ya ce, "Naushin farko naki ne. Na biyu ma naki ne. Daga nan kin riga kin tsira, na gan ki, kina numfashi. Na ji kina kiran sunan Mma, ba wai ban ji ba." Ya ajiye kofin, ya ce, "Sauran duk nawa ne. Daɗi na ji. Shekarun nan duka ban ji daɗin komai kamar yadda na ji a kan ƙirjin mutumin nan ba. Ita abin da kika gaya mata ta yafe. In na zauna a gabanta ta zuba mini tuwo, wannan zan gaya mata, ko in ci in yi shiru?"

Na so in zage shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Ya kira ɗaya daga cikin yaran ya ce ya raka ni har titi, kada wani ya taɓa ni. Na ce ba na so, na san hanya. Mma tana bakin famfo tana wanke tukunya lokacin da na shiga gida, ta ɗago kai ta dubi bayana, ta ga ni kaɗai ce.